Hawan Jinya: Wani Aikin Doki da Ƙasar Hausa Ba Ta Waiwaya Ba

A ƙasar Hausa doki dabba ce ta alfarma. Da shi aka ci garuruwa a zamanin yaƙe-yaƙe, kuma da shi sarki yake nuna ƙasaitarsa ranar salla. Harshe ma shaida ne a kan haka, domin Bahaushe ya raɗa wa launukan doki sunaye irin su akawal da kili da hurde da bidi, ya bambanta takama da sassarfa da sukuwa, har ya keɓe sarautu irin su Madawaki da Shamaki waɗanda tushensu harkar dawaki ne. A watan Disamba na shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Yaro tun bai iya ɗaura wando ba yake samo kara ya yi masa linzami da tsumma, ya zaga unguwa yana sukuwa.

Sai dai akwai yaron da ko dokin karan bai taɓa hawa ba, wato wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu, ko wanda aka haifa gaɓɓansa a sandare, wuyansa bai iya ɗaukar kansa. Rabon irin wannan yaro da doki bai wuce kallo daga bakin hanya ba. A Turai da Amurka kuwa, fiye da shekara sittin ke nan ana ɗora irinsa a bayan doki da gangan, a matsayin wani ɓangare na kula da lafiyarsa da tarbiyyarsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, aikin ya cancanci malaman makaranta da masu dawaki na ƙasar Hausa su san shi, su kuma gwada shi, amma da sharaɗin a san iyakarsa tun da wuri, domin abin da aka shigo da shi da sunan waraka ya fi komai saurin faɗawa hannun 'yan damfara.

Kalmar da Turawa suke kiran babban reshen aikin da ita an gina ta ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin doki, ɗaya mai nufin jinya. Ba lallai ba ne a aro ta. Hausa tana da tsarin da take haɗa kalmar "hawa" da dalilin hawan ko lokacinsa, kamar hawan salla da hawan daushe da hawan angwanci. A kan wannan tsari ana iya cewa "hawan jinya", kuma duk Bahaushen da ya ji zai gane abin da ake nufi ba tare da dogon sharhi ba. An zaɓi "jinya" a kan "magani" da saninsa, domin jinya kulawa ce mai ɗaukar lokaci, ba ta kuma yi wa kowa alkawarin warkewa ba.

Mafarin Al'amarin

Masu bin tarihin wannan aiki sukan ɗauko shi daga wata mata 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel. Gwanar hawa ce tun tana budurwa. A shekarar 1944, tana da shekara 23 kuma tana da juna biyu, cutar shan inna ta kama ta. Ta haihu lafiya, ta kuma yi ta fama da motsa jiki har wasu gaɓɓanta suka dawo, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafafunta ba su sake aiki ba har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka ta koma kan doki, sai an ɗora ta kuma sai an sauke ta. A wasannin Olamfik na birnin Helsinki a 1952, shekarar farko da aka bar mata su kara da maza a gasar sarrafa doki, ta zo ta biyu a kan goɗiyarta Jubilee. Wanda ya zo na ɗaya, Henri Saint Cyr na ƙasar Suwidin, shi ya tallafe ta zuwa dandamalin karɓar lambar yabo. Ta sake zuwa ta biyu a 1956 a birnin Sitokholm.

Wannan abu ya ja hankalin masu aikin gashin ƙashi a arewacin Turai, inda shan inna ya bar yara da yawa a naƙashe a wancan zamani. A ƙasar Norwe wata ma'aikaciya mai suna Elsebet Bodtker ta fara ɗora yaran da take kula da su a kan ƙananan dawaki. Daga nan abin ya bazu. A 1969 aka kafa ƙungiyar hawan doki domin naƙasassu ta Birtaniya, wadda aka fi sani da RDA, kuma a shekarar ce aka kafa takwararta ta Arewacin Amurka, wadda ta sauya suna zuwa PATH a 2011. Jamus ta kafa tata hukumar a 1970, Afirka ta Kudu kuma a 1973 a birnin Kef Tawun. Tun daga wasannin Atalanta na 1996 hawan doki ya samu gurbi na dindindin a gasar naƙasassu ta duniya.

Yana da kyau a lura da abu ɗaya a labarin Lis Hartel, domin masu zuzuta shi sukan tsallake shi: doki bai mayar mata da ƙafafunta ba. Abin da ya ba ta shi ne ƙarfin sauran jikin da ya rage, da fagen da za ta yi fice a cikinsa.

Yadda Doki Yake Aiki a Jikin Yaro

Tushen hikimar yana cikin tafiyar doki ta hankali, ba sassarfa ko sukuwa ba. Idan doki yana tafiya, bayansa yakan motsa ta fuska uku a lokaci guda: gaba da baya, dama da hagu, sannan da ɗan juyi. Wanda yake zaune a kai, ƙugunsa yakan bi wannan motsi ko yana so ko ba ya so, kuma motsin ya yi kama ƙwarai da yadda ƙugun mutum yake yi idan yana tafiya da ƙafafunsa. Ke nan yaron da bai taɓa taka ƙasa ba, jikinsa yakan ɗanɗani yadda tafiya take. Doki yakan yi taku kimanin 100 a minti ɗaya. A zaman rabin sa'a, taku wajen 3,000 ke nan, kuma a kowane taku sai tsokokin ciki da na baya da na wuya sun yi ɗan gyara don kada yaron ya karkace. Babu wani mai gashin ƙashi da zai iya maimaita wa yaro motsi sau dubu uku da hannunsa a kan gadon asibiti, kuma ko da zai iya, yaron zai fashe da kuka tun ba a je ko'ina ba. A bayan doki kuwa bai san ma aiki yake yi ba, shi dai a ganinsa wasa ne.

Bayan motsi akwai ɗumi. Zafin jikin doki ya ɗara na mutum da kimanin digiri ɗaya, shi ya sa a hawan jinya na ainihi ba a cika ɗaura sirdi ba, sai dai a shimfiɗa ɗan bargo mai kauri domin ɗumin da motsin su isa jikin yaron kai tsaye. Wannan, tare da buɗe ƙafafu da zaman kan doki yake tilastawa, yakan sassauta tsokokin cinya da suka ɗaure, waɗanda su ne suke sa ƙafafun wasu yara su harɗe kamar almakashi. Sassaucin ba ya daɗewa idan an daina, kuma dalili ke nan da ake maimaita hawan mako-mako.

Mutum ɗaya ba ya gudanar da wannan aiki. Akwai mai jan doki, wanda ba ruwansa da komai sai dabbar. Akwai mutum biyu da suke tafiya a gefen dama da hagu, hannunsu kusa da cinyar yaron. Sannan akwai masanin da yake ba da umarni: a ƙara sauri, a tsaya cak, a yi kwana, a juyar da yaron ya fuskanci wutsiya, a miƙa masa ƙwallo ya kama. Yaron yakan sa hular kwano, kuma akan gina dandamali mai gangare inda keken guragu zai hau har ya yi daidai da bayan doki.

Masana sun raba aikin zuwa rassa, kuma rashin bambanta su yakan jawo ruɗani. A reshe na farko yaron ba ya sarrafa doki, dokin ne yake aiki a kansa, kuma dole mai gudanarwa ya kasance ƙwararren ma'aikacin lafiya. A na biyu ana koya wa naƙasasshe hawa ne kamar kowa, ya riƙe ragama ya juya doki da kansa, sai dai an daidaita kayan da koyarwar da lalurarsa. Na ukun ya shafi tarbiyya da halayya, kuma sau da yawa ba a ma hawa: shara ce da ba da abinci da goge jikin doki da jan sa.

Me Bincike Ya Tabbatar?

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Iyaye da masu cibiyoyi suna da labarai masu sosa zuciya, amma Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi. Idan an ɗora yaro a kan doki wata shida aka ga ya samu ci gaba, ba za a san ko dokin ne, ko girma ne, ko kulawar mutum huɗu da suka kewaye shi ce ta jawo ba, sai an gwada shi da wani yaro irinsa da ya samu komai ban da dokin.

An yi irin wannan gwaji a jihar Kolorado ta Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2015 ƙarƙashin jagorancin Robin Gabriels. An ɗauki yara 127 'yan shekara 6 zuwa 16 masu lalurar otizim, wato lalurar da take hana yaro cuɗanya da mutane da yin magana yadda aka saba. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka yi mako 10 suna hawa, ɗayan kuma suka yi mako 10 suna zuwa wurin ana koya musu harkar dawaki ba tare da sun taɓa doki mai rai ba. Waɗanda suka hau sun fi samun raguwar saurin fushi da rashin natsuwa, kuma yawan kalmomin da suke furtawa ya ƙaru. Ga malamin harshe wannan batu na ƙarshe abin sha'awa ne. Yaron da ba ya ganin amfanin magana, idan ya lura cewa kalma ɗaya daga bakinsa tana sa dabba mai girman gaske ta tashi ko ta tsaya, ya samu dalilin furta ta.

Dangane da yaran da gaɓɓansu suka sandare saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu kafin haihuwa ko lokacinta ko jim kaɗan bayanta, gwaje-gwaje da dama sun nuna ci gaba wajen zama da daidaita jiki, ko da yake yawancinsu a kan yara kaɗan aka yi su, kuma na gajeren lokaci. Reshe na uku shi ne hujjarsa ta fi rauni. A 2014 wasu masana halayyar ɗan'adam ƙarƙashin Michael Anestis sun bi diddigin bincike 14 da aka yi kan amfani da doki wajen magance matsalolin tabin hankali da damuwa, suka iske dukansu suna da naƙasu a tsarinsu, suka kuma ba da shawarar kada a riƙa tallata shi ga jama'a a matsayin magani. Wannan hukunci ne mai nauyi, kuma duk mai son aikin da gaskiya bai kamata ya ɓoye shi ba.

Akwai kuma yaran da hawan zai cutar. Mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, da mai ƙashi mai saurin karyewa, da wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, da wanda ƙashin bayansa ya lanƙwashe ƙwarai, duk ba a ɗora su. Wasu daga cikin masu lalurar Dawun suna da sako-sako a ƙasusuwa biyu na saman wuya, kuma jijjiga kaɗan tana iya taɓa lakarsu. Saboda haka cibiyoyin kirki ba sa karɓar yaro sai da takardar likita.

Yaran da Titi Yake Neman Cinyewa

Duk da raunin hujjar asibiti, akwai wuraren da aikin ya nuna amfaninsa ta fuskar tarbiyya. A unguwar Birikiston ta Landan, wadda ta yi suna da talauci da faɗan ƙungiyoyin matasa, an kafa kulob ɗin dawaki na Ebony a 1996 domin yaran unguwar. A can wata yarinya Musulma, Khadijah Mellah, ta koyi hawa, kuma a 2019 tana da shekara 18 ta ci tseren kofin Magnoliya a filin Gudwud da lulluɓinta. A birnin Filadelfiya na Amurka wata mata mai suna Lezlie Hiner ta kafa shirin Work to Ride a 1994, wanda ma'anar sunansa ita ce sai ka yi aiki za ka hau. Yaran unguwannin talakawa sukan kwashe kashin dawaki su ba su abinci, a madadin haka a koya musu hawa da folo, da sharaɗin ba za su saki karatu ba. A 2011 'yan wasan shirin suka ci gasar folo ta makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, karo na farko da ƙungiyar da duk 'yan wasanta baƙaƙen fata ne ta yi haka.

Mai shakka zai ce ai ba dokin ne ya gyara waɗannan yara ba, tsari ne da horo da samun babban da ya damu da su. Maganarsa tana kan hanya. To amma me zai sa yaro ɗan shekara 14 ya baro majalisar abokansa da sassafe ya zo ya ɗauki shebur? Wa'azi da lacca ba su cika yin wannan ba. Doki yana jawo yaro, sannan yana da wata ɗabi'a da malami ba shi da ita: ba ya jin tsoron suna, ba ya karɓar uzuri. Wanda ya zo masa da hargagi zai ga ya noƙe ko ya yi harbi, wanda ya sassauta murya zai ga ya biyo shi. Yaron da ya saba samun biyan buƙata da tsawa yakan koyi wannan darasi a barga cikin kwanaki kaɗan.

Ina Ƙasar Hausa a Ciki?

Buƙata dai akwai ta. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka a watan Agusta na 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, amma dubban waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan a garuruwanmu. Yaran da suke tasowa da sandarewar gaɓɓai sakamakon doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ko sanƙarau su ma suna nan, da yawansu a kwance a ƙuryar ɗaki, wasu ma ana danganta lalurarsu da iskoki. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta ba su haƙƙin ilimi da kula da lafiya. Dawaki kuma ga su a bargar sarakuna da hakimai da attajirai da filayen folo na Katsina da Kano da Kaduna, yawancinsu a turke suke wuni suna cin harawa da dusa, ba su da aiki sai kilisa da jiran salla. Masana ma ba a rasa ba, tun da Jami'ar Bayero tana horar da masu gashin ƙashi da malaman ilimi na musamman, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana horar da likitocin dabbobi.

Kuskuren da za a fi saurin yi shi ne a ɗauka kowane doki zai yi. Dokin hawan salla ingarma ne da aka horar don ya yi rawa, ya tashi tsaye, ya zabura da an taɓa shi da ƙaimi, kuma da linzami mai kaifi ake tanƙwara shi. Duk abin da ya sa ya burge 'yan kallo shi ne ya sa bai dace da yaron da bai iya riƙe wuyansa ba. Sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya yana tare motsin da ake nema, faffaɗar likkafar ƙarfe kuma tana iya riƙe ƙafar yaro idan ya zame. Abin da ake buƙata shi ne dandaƙaƙƙen doki ko goɗiya mai shekaru, mai sanyin hali, mai daidaitaccen taku, marar tsawo sosai don masu tafiya a gefe su kai ga yaron, wadda ba ta firgita da ihu ko sandar guragu. Wato dabbar da mahaya suka fi rainawa ita ce ta fi daraja a wannan fage. Ita ma tana da haƙƙi, domin ɗaukar mahayin da ba ya daidaita zamansa yana gajiyar da bayan doki, kuma dokin da yake jin ciwo ba a amince masa da yaro.

Za a ce ƙasar da yaro yake rasa keken guragu, makarantarsa ba ta da ko gangaren shiga aji, ina ita ina jinya da doki? Linzami ai ya fi ƙarfin bakin kaza. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma idan za a ɗebi kuɗin keke ko na albashin malami a sayi doki, to gara a bar dokin. Amma abin da ya sa aikin yake da tsada a Turai shi ne saye da ciyar da dawaki da biyan masu kula da su, kuma a nan an riga an ɗauki wannan nauyi saboda wata manufa daban. Abin da ya rage shi ne aron doki ɗaya ko biyu na sa'o'i kaɗan a mako, da fili mai yashi da inuwa, da hulunan kwano, da masu taimako. Kwalejin ilimi da take da sashen ilimi na musamman ko na motsa jiki tana da ɗalibai da ake nema wa wurin gwajin aiki, kuma tafiya a gefen doki tare da yaro naƙasasshe tana koya wa malamin gobe haƙuri da lura fiye da abin da allo zai koya masa. Samarin da ake kuka da su saboda sukuwar ganganci a kan titi ranar biki sun san doki ciki da waje, kuma wanda aka tantance aka horar a cikinsu zai iya zama mai jan doki.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na baki. A kasuwanninmu ana tallar magani ɗaya da lasifika a ce yana warkar da cuta arba'in, kuma uwar da ta gaji da yawon asibiti za ta sayar da akuyarta ta kai ɗanta duk inda aka ce mata zai taka. Idan aka bar hawan jinya ba tsari, ba za a daɗe ba wani zai ɗaure doki a bayan gida ya kafa allo. Kariya ita ce a fara shi a ƙarƙashin asibiti ko kwaleji, da takardar likita ga kowane yaro, da rajistar da ake rubuta halin da ya zo da shi da abin da aka gani bayan wata uku, a kuma gaya wa iyaye tun ranar farko cewa wannan ƙari ne a kan gashi da magani da makaranta.

Akwai kuma batun 'ya'ya mata. A al'adar Hausa hawan doki harkar maza ce, kuma idan ba a yi hattara ba rajistar za ta cika da sunayen yara maza kawai, alhali shan inna da doguwar naƙuda ba su zaɓi jinsi ba. Ana iya keɓe wa 'yan mata ranarsu, ɗalibai mata su zama masu tafiya a gefe, a kuma yi shi a fili mai katanga inda iyaye mata za su zauna su ga abin da ake yi da 'ya'yansu.